Ƙafafun Gaza: abin da ya biyo bayan harbin masu Zanga-zangar Komawa Gida

Wannan nazari ya bi sawun matsala ɗaya a wuri ɗaya: raunukan ƙafa da dubban mutanen Zirin Gaza suka samu a bakin shingen da ya raba su da Isra'ila daga Maris 2018 zuwa Disamba 2019, da faman da aka sha wajen ceto ƙafafun nan har zuwa 2024. Adadin waɗanda aka kashe kowa ya ji shi a rediyo a lokacin. Waɗanda suka rayu da ramin harsashi a ƙwauri ko a gwiwa su ne ba a cika bin labarinsu ba, alhali sun ninka mamatan fiye da sau talatin.

Kafin Maris 2018

Gaza ɗan siririn yanki ne a bakin Bahar Rum, tsawonsa kilomita 41, girmansa duka murabba'in kilomita 365. A 2018 mutum kusan miliyan 2 ke cikinsa, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari 'yan gudun hijira ne, 'ya'ya da jikokin waɗanda aka kora ko suka tsere daga garuruwansu a 1948. Tun 2007 da Hamas ta karɓe iko, Isra'ila ta yi wa zirin ƙawanya ta tudu da ruwa da sama, Masar kuma ta riƙa rufe mashigar Rafah mafi yawan lokaci.

Asibitocin sun riga sun galabaita tun kafin a harba harsashi na farko. A farkon 2018 wutar lantarki awa huɗu zuwa biyar take zuwa a wuni, ɗakunan tiyata sun dogara da janareta, man janaretan kuma da kuɗin agaji ake sayensa. Kusan kashi 40 cikin ɗari na muhimman magunguna abin da ya rage a ma'ajiya bai kai na wata guda ba. Rikicin da ke tsakanin Hukumar Falasɗinawa ta Ramallah da Hamas ya sa an zaftare albashin ma'aikata tun 2017. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari bai cancanci sha ba. Wannan batu na ruwa zai dawo a gaba, domin ciwon da ake wankewa kullum yana buƙatar ruwa mai tsabta.

Nufin gaɓoɓin masu zanga-zanga ba sabon abu ba ne a ƙasar. A Janairu 1988, makonni kaɗan da ɓarkewar Intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa, ministan tsaron Isra'ila Yitzhak Rabin ya shelanta cewa za a murƙushe boren da ƙarfi da duka. A Fabrairun shekarar gidan talabijin na CBS ya ɗauki hoton sojoji kusa da Nablus suna dukan wasu samari biyu da duwatsu a hannuwa. Likitocin Amurka na wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da suka zagaya asibitoci a watan sun tarar da karaya iri ɗaya tana maimaituwa, a bayan hannu da tsakiyar damtse. Reshen Sweden na ƙungiyar Save the Children ya ƙiyasta cewa yara 23,600 zuwa 29,900 ne suka nemi magani saboda duka a shekaru biyun farko na boren. Karayar kulki dai, in ba ta zo da wata matsala ba, tana ɗoruwa cikin makonni. Abin da ya zo a 2018 wani iri ne daban.

30 ga Maris zuwa 14 ga Mayu 2018: Juma'o'in farko

An fara zanga-zangar ranar Juma'a 30 ga Maris, Ranar Ƙasa, wadda Falasɗinawa ke tunawa da ƙwace musu filaye. Buƙatun biyu ne: haƙƙin komawa garuruwan asali, da ɗage ƙawanya. An kafa tantuna a wurare biyar daga arewa har Rafah, 'yan ɗaruruwan mitoci daga shinge. Iyalai sun fito da yara da abinci. Wasu matasa sun matsa kusa da waya, suna ƙona tayoyi, suna jifa da majajjawa, wasu suna ƙoƙarin yanke shingen. Daga baya aka fara sakin balan-balan masu ɗauke da wuta, waɗanda suka ƙona gonaki a ɓangaren Isra'ila. Isra'ila ta ce Hamas ce ke fakewa da taron don kai hari. Babban hafsan sojinta, Gadi Eisenkot, ya faɗa tun kafin ranar cewa an girke gwanayen harbi fiye da 100 a kan tudun ƙasa da aka tara a bayan shingen.

A ranar farko kaɗai an harbi mutum fiye da 700 da harsashin gaske. Haka aka ci gaba duk Juma'a. Ranar Litinin 14 ga Mayu, ranar da Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Birnin Ƙudus, an kashe mutum 60, an harbi fiye da 1,100. A asibitin Shifa, mafi girma a zirin a lokacin, an kafa tanti a harabar gida don tantance waɗanda ake shigowa da su, wasu a kwance a ƙasa a farfajiya, likitoci suna tiyata har gari ya waye.

Abu na farko da aka gwada, kuma aka yi shi da wuri, shi ne kafa tantunan agajin gaggawa a bayan wuraren taron. Ma'aikatar lafiya ta Gaza da ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar (Red Crescent) ta Falasɗinu ne suka gudanar da su, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsu a taƙaice: a ɗaure sama da rauni a tsayar da jini, a sa ruwa a jijiya, a ware wanda zai iya jira daga wanda ba zai iya ba. Wanda barkonon tsohuwa ya shaƙe ko ya ji ƙaramin rauni a nan ake duba shi a sallame shi, kada ya je ya tare ƙofar asibiti. Kusan rabin waɗanda suka biyo ta tantunan ba su kai ga asibiti ba.

Yadda raunin yake

A tsakiyar Afrilu ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce cikin mako uku ta karɓi masu raunin harbi kusan 500, fiye da waɗanda ta karɓa a duk shekarar 2014 da aka yi yaƙi. Likitocinta sun ce ramin da harsashi ke fita ta cikinsa yakan kai girman dunƙulen hannu, kuma a rabin majinyatan ƙashin ya ragargaje.

Dalilin yana cikin gudun harsashin. Harsashin bindigar maharbi ba huda kawai yake yi ya wuce ba. Idan ya shiga tsoka, ƙarfinsa yana buɗa nama ta ko'ina na ɗan ƙiftawar ido, rami ya faɗaɗa ya koma, ya bar naman da ke nesa da hanyar harsashin a mace ko yana shirin mutuwa. Wannan buɗewa tana zuƙo ƙura da zaren wando da duk abin da ke kan fata zuwa ciki. In ya sami ƙashin ƙwauri, ƙashin ba rabewa biyu yake yi ba, farfashewa yake kamar tsaki, gutsattsarin su ma su tarwatse cikin nama su ƙara ɓarna. Wani lokaci sai a tarar babu santimita biyar ko goma na ƙashi gaba ɗaya. Wannan ba karayar da ɗori ke haɗawa ba ce, don babu bakin da za a haɗa da wani baki.

Ƙwauri kuma shi ne wuri mafi wuyar sha'ani a ƙafa. Gabansa fata ce kawai a kan ƙashi, babu tsoka mai kauri da za ta rufe rauni ta kawo masa jini. A bayan gwiwa akwai babbar jijiyar jini guda da ke ciyar da duk abin da ke ƙasa. In ta tsinke, likita yana da kamar awa shida ya ɗinke ta kafin tsoka ta fara mutuwa. Akwai kuma jijiyar motsi da ke zagaye gefen gwiwa, wadda in ta lalace tafin ƙafa zai riƙa reto, mutum ya riƙa jan sa in yana tafiya ko da ƙashi ya warke.

A irin ranar 14 ga Mayu abin da likita zai iya yi a tiyatar farko ƙayyadadde ne. Ya tsayar da jini, ya gyara jijiya in da hali, ya yanke mataccen nama gwargwadon abin da idonsa ya gani, ya wanke, sannan ya huda ƙashi sama da ƙasa da karayar ya kafa ƙusoshin ƙarfe, ya haɗa su da sanda ta waje don ƙafar ta tsaya. A ƙa'ida sai a mayar da majinyaci ɗakin tiyata bayan kwana biyu a sake dubawa, a sake yanke abin da ya mutu, a rufe raunin da tsoka ko fata cikin kwanaki kaɗan. Wannan mataki na biyu shi ne ya fi samun tangarɗa. Gado ba ya isa, kuma kowa ya san Juma'a mai zuwa za a kawo wasu ɗaruruwan. Sai aka riƙa sallamar mutane da wuri, da ƙarfe a ƙafa da rauni a buɗe, su koma gidajen da mutum goma ke kwana a ɗaki biyu. Dubban ayyukan tiyata na sauran marasa lafiya kuma aka ɗage su.

Afrilu 2018 zuwa gaba: ƙofar Erez

Hanya ta biyu da aka gwada ita ce fitar da masu munanan raunuka zuwa asibitocin Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus, inda akwai kayan aiki da ƙwararru. Tafiyar ba ta da nisa, amma a lokacin sai da takardar izinin Isra'ila ake bi ta mashigar Erez da ke tsakanin Gaza da Isra'ila. Tun farko hukumomin Isra'ila suka ce wanda ya shiga zanga-zangar ba zai sami izini ba sai a yanayi na musamman.

Labarin wasu samari biyu da aka harba ranar farko ya nuna abin da wannan ke nufi. Likitocin Shifa sun rubuta cewa in ba a fitar da su ba za su rasa ƙafafu. Aka nemi izini, aka hana. Ƙungiyoyin kare haƙƙi na Adalah da Al Mezan suka shigar da ƙara a Kotun Ƙolin Isra'ila. Ana jiran amsar gwamnati ƙafafun suka lalace, aka yanke wa kowannensu ɗaya. A tsakiyar Afrilu kotun ta ba da umarni a bar ɗaya daga cikinsu ya wuce Ramallah, domin shi an harbe shi a ƙafafu biyu ne, kuma ta biyun ma tana gab da tafiya. Wannan hukunci bai buɗe ƙofa ga saura ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa har ƙarshen 2019, cikin takardun neman izini na waɗanda aka raunata a zanga-zangar, waɗanda aka amince da su ba su kai ɗaya cikin biyar ba, yayin da na sauran marasa lafiyar Gaza ake amincewa da kamar uku cikin biyar. Mafi yawa ba a ce musu a'a ba, ba a kuma ce musu e ba, har ranar ganin likitan ta wuce.

Wasu sun fita ta Rafah zuwa Masar, wasu sun kai Jodan da Turkiyya, ciki har da asibitin gyaran gaɓoɓi na MSF da ke Amman. Amma aikin gyaran ƙashi na shekara ɗaya ko biyu ne, ba na ziyara guda ba, kuma wanda ya dawo yana buƙatar mai ci gaba da duba shi a gida.

Ta fuskar shari'a ma an gwada. Ƙungiyoyin kare haƙƙi na Isra'ila da na Falasɗinu sun ƙalubalanci dokokin buɗe wuta, Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar ranar 24 ga Mayu 2018. Mako guda bayan haka, 1 ga Yuni, aka harbe ma'aikaciyar jinya Razan al-Najjar tana sanye da farar rigar aiki.

Yuni zuwa Disamba 2018: ciwo ya shige cikin ƙashi

Agaji ya ƙaru a wannan lokaci. Ƙungiyar Red Cross ta buɗe sashen tiyata mai gado 50 a Shifa. MSF ta ninka aikinta sau uku, ta buɗe ƙarin wuraren wankin ciwo da gashin ƙashi. Daga Oktoba man da Ƙatar ta biya ya ƙara awannin wuta. Amma a daidai lokacin ne matsala ta biyu ta fito fili.

Samarin da aka sallama a Afrilu da Mayu suka fara dawowa. Raunin ya rufe a ido, amma akwai ɗan ƙaramin rami da ba ya daina zubar da mugunya, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, hoton ƙashi kuma ya nuna ba a sami haɗuwa ba. Ƙwayoyin cuta sun zauna a cikin ƙashin. Inda gutsuren ƙashi ya mutu jini ba ya kai wa, inda jini ba ya kai wa magani ba ya kai wa. Ƙwayoyin sukan manne a jikin mataccen ƙashin da jikin ƙarfe, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ke kāre su. Ko an sha magani wata shida, in ba a buɗe an cire mataccen ba, ana dainawa ciwon zai dawo.

A Nuwamba MSF ta fitar da lissafinta. Daga 30 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba ta kula da mutum 3,117 cikin 5,866 da ma'aikatar lafiya ta ce an harba. Kusan rabi karayarsu a buɗe take. Aƙalla kashi 25 cikin ɗari na masu karaya ciwon ya kama ƙashi, kuma ta ƙiyasta cewa a zirin duka adadin zai haura 1,000.

Abin da aka fara yi wa waɗannan shi ne abin da ke hannu: a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in bai yi ba a canza wani. Wannan hanya ta gaza, ta kuma ƙara dagula lamarin. Da yawa daga ƙwayoyin sun riga sun bijire wa magungunan da aka saba, kuma ba a san wace ƙwaya ake yaƙa ba. A lokacin babu ɗakin gwaje-gwaje a Gaza da ke iya gwada samfurin ƙashi yadda ya kamata. Goge bakin rauni da auduga a kai gwaji ba ya wadatarwa, don abin da ke kan fata ba lalle shi ne ke cikin ɓargo ba. Sai an ciro gutsattsarin ƙashi a ɗakin tiyata. MSF ta riƙa aika irin wannan samfuri zuwa ɗakin gwaji a Isra'ila, ta mashigar da ake hana mai ƙashin wucewa.

Hayaƙi, gwangwani da harsashin roba

Mutum huɗu cikin biyar da suka ji rauni ba harsashin gaske ne ya same su ba. Barkonon tsohuwa ne ya fi yawa, kuma a nan aka fara ganin jirage marasa matuƙi suna sako shi daga sama a tsakiyar taro, har wajen tantunan da mata da yara ke zaune. Ga mai lafiya, raɗaɗin ido da shaƙewar ƙirji kan lafa cikin rabin awa in ya sami iska. Ga mai asma da tsoho da jariri abin kan kai ga asibiti. Gwangwanin kansa ƙarfe ne mai zafi. In aka harba shi kai tsaye ya sami kai, yana fasa ƙoƙon kai, kuma ya kashe mutane a wannan zanga-zanga, ciki har da yara.

Abin da ake kira harsashin roba a can ƙarfe ne aka lulluɓe da siririyar roba. Wani bita da mujallar likitoci ta BMJ Open ta buga a 2017, kan mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka raunata a ƙasashe daban-daban, ya sami 53 sun mutu, 300 sun naƙasa har abada, galibi ta rasa ido. A Mayu 2019 irinsa ya sami wani ma'aikacin Hilal Ahmar a fuska yana bakin aiki a Gaza. Ya rasu a watan Yuni.

2019: gwaji kafin magani, haƙuri kafin yanka

A ƙarshen Fabrairu 2019 kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Santiago Canton, ya fitar da rahotonsa kan watanni tara na farko. Falasɗinawa 189 aka kashe, 183 da harsashin gaske, ciki har da yara 35, ma'aikatan lafiya 3 da 'yan jarida 2. Mutum 6,106 aka harba suka rayu. An yanke wa 122 gaɓa, 20 daga cikinsu yara. A ɓangaren Isra'ila sojoji huɗu sun ji rauni a wuraren zanga-zangar, an kashe ɗaya a ranar zanga-zanga amma ba a filin taron ba. Kwamitin ya ce akwai dalilin gaskata cewa maharban sun harbi yara da naƙasassu da ma'aikatan lafiya da 'yan jarida suna sane da ko su wane ne, kuma hakan na iya zama laifin yaƙi. Isra'ila ta yi watsi da rahoton.

A Mayu jami'in agaji na Majalisar a yankin, Jamie McGoldrick, ya yi gargaɗin cewa mutum 1,700 na iya rasa gaɓa cikin shekara biyu in ba a sami dala miliyan 20 ba.

A wannan shekarar ce aikin ya kama hanya. MSF da ma'aikatar lafiya suka samar da gwajin samfurin ƙashi a cikin Gaza. Aka ware ɗakuna a asibitin Al-Awda da ke arewa da kuma Khan Yunis don masu ciwon ƙashi. Likitocin Birtaniya da ƙungiyoyin agajin lafiya na MAP da IDEALS ke kawowa suka ci gaba da zuwa Shifa suna aiki tare da likitocin gida suna koya musu. Tsarin ya zama haka: a buɗe ƙafa, a yanke mataccen ƙashi har sai an ga wanda ke tsattsafo da jini, a ɗebi samfuri, a jira sakamako, sannan a ba da maganin da ya dace da ƙwayar, sau da yawa ta jijiya, na kamar mako shida. Mai ƙwayar da ta bijire wa magani a keɓe shi a ɗaki shi kaɗai, duk mai shiga ya sa riga da safar hannu. Ga saurayi ɗan shekara ashirin da ya saba da cikar gida, wannan keɓewar kanta jinya ce, shi ya sa aka haɗa da masu ba da shawara kan damuwa.

Bayan ciwo ya mutu sai a koma kan giɓin. Hanya ɗaya ita ce a cike shi da simintin likita mai haɗe da magani, a bar shi mako shida zuwa takwas jiki ya yi masa rufi, sannan a cire simintin a zuba ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun majinyacin. In giɓin ya yi tsawo sai a koma ga dabarar da likitan Tarayyar Sobiyet Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro. Ana zagaye ƙafar da zobban ƙarfe, siraran wayoyi su ratsa nama da ƙashi su riƙe zobban. Likita ya yanke ƙashi a wuri mai lafiya, sannan majinyaci da kansa ya riƙa murɗa noti sau huɗu a wuni, gutsuren ƙashin ya matsa milimita ɗaya kullum zuwa wajen giɓin, sabon ƙashi yana tsirowa a bayansa. Giɓin santimita shida kwana sittin ke nan na murɗawa, sannan wasu watanni kafin sabon ƙashin ya yi ƙwarin ɗaukar jiki. Duk tsawon lokacin sai an wanke gindin kowace waya, an tsaga wando don ya shiga, an koyi barci da keji a ƙafa. Wasu sun sha tiyata har sau bakwai cikin shekara biyu.

Wanda ƙafarsa ba ta cetu ba, a lokacin akwai cibiyar ƙafar roba ta birnin Gaza da Red Cross ke tallafawa, sai asibitin Sheikh Hamad da Ƙatar ta gina, wanda ya fara aiki a Afrilu 2019.

A Yuli 2019 aka ruwaito daga wani babban jami'in sojan Isra'ila cewa an sauya umarni: da aka ga harbi a cinya yana kisa, aka ce a harba ƙasa da gwiwa, daga baya aka ce idon sawu. A Maris 2020 jaridar Haaretz ta Isra'ila ta buga hirar wasu maharba da suka yi aiki a shingen, ɗaya yana cewa gwiwa 42 aka lissafa masa a rana guda.

An dakatar da zanga-zangar a ƙarshen Disamba 2019. Lissafin ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya: 214 sun mutu, 46 yara, fiye da 36,100 sun ji rauni, kusan 8,000 da harsashin gaske, kashi 88 cikin ɗari a gaɓoɓi. An yanke gaɓa 156, ƙafa 126 da hannu 30. Aƙalla 94 daga ciki ba a ranar harbin aka yanke su ba, daga baya ne, bayan ciwo ya ci ƙashi. Mutum kamar 1,200 na jiran dogon aikin gyara.

2020 zuwa 2024

A Maris 2020 ma'aikatar lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi a asibitin Nasser da ke Khan Yunis, mai ɗakunan tiyata nata, da likitan ƙashi da na gyaran fata da mai gashi da mai kula da damuwa a rufi ɗaya, da rajista guda ta majinyata don kada mutum ya yi ta yawo tsakanin ƙungiyoyi kowa na fara masa daga farko. Kusan shekara biyu ke nan bayan harbin farko. Annobar korona ta rage zuwan likitocin waje, amma aikin bai tsaya ba. Wasu daga waɗanda aka yanke wa ƙafa sun shiga ƙwallon ƙafa na masu sanda, wasu sun kafa ƙungiyar tseren keke. Mafi yawa dai sun koma gida ne ba aikin yi, a wurin da rashin aiki ya haura kashi 50 cikin ɗari a 2018, kuma aikin da ake samu na ƙarfi ne, gini da dako da noma.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yaƙin da ya biyo bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya rushe tsarin duka. Cibiyar Nasser ta daina aiki a Disamba 2023 saboda ƙarewar kaya da tserewar ma'aikata, ta kuma lalace a samamen da sojoji suka kai asibitin a Fabrairu 2024. A Satumba 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 22,500 ne yaƙin ya yi wa raunin da zai canza rayuwarsu, da yanke gaɓa tsakanin 3,105 da 4,050. Masu raunin 2018 da ba a gama aikinsu ba sun shige cikin wannan layi.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba

Tantunan bakin fili sun yi aiki, domin sun magance abin da ke kisa a awa ta farko, zubar jini, kuma sun rage cunkoso a ƙofar asibiti. Ba tsada gare su ba, ma'aikatan gida ne suka riƙe su. Tiyatar farko ma ta yi abin da aka nema daga gare ta, kuma likitocin Gaza sun cancanci a faɗi haka: gaɓoɓi kusan 7,000 aka harba, 156 aka yanke.

Inda aka yi asara shi ne tsakanin mako na farko da wata na shida. Adadin nan na 94 cikin 156 shi ne zuciyar lamarin a ganina. Ƙafafu ne da suka fita daga ɗakin tiyata a jikin masu su, aka rasa su daga baya saboda gadon da babu, da rufe rauni a makare, da maganin da aka bayar bisa hasashe, da takardar izinin da ba ta fito ba. Kowanne daga waɗannan yana da magani sananne. Da ɗakin gwajin ƙashi da cibiyar Nasser sun kasance tun 2018, da adadin bai kai haka ba. Kuma abin da ya hana su kasancewa shi ne shekara goma sha ɗaya na ƙawanya da rikicin Ramallah da Gaza, wanda shi ma yana da nasa kason alhakin.

Dogaro da fitar da majinyata waje kuskure ne tun daga tushe, ba don likitocin sun so haka ba, sai don mabuɗin ƙofar yana hannun wanda ya yi harbin. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne wanda aka gina a ciki aka koya wa 'yan gida.

Game da harbin kansa, hujjar cewa nufin ƙafa sassauci ne ba ta tsaya ba a gaban abin da likitoci suka gani. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi sun taƙaita bindiga ga inda rai ke cikin haɗari na kusa, ba su ware ƙafa a matsayin wurin da ya halatta ba. Sauko da hannu daga cinya zuwa idon sawu ya rage gawa, amma ya kai harsashi wurin da ƙashi ya fi wuyar gyaruwa. Kuma kusan ba wanda ya biya. Binciken da ƙungiyar kare haƙƙi ta Isra'ila B'Tselem da Cibiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Falasɗinu suka fitar a Disamba 2021 ya sami soja ɗaya tak da aka hukunta kan kisan masu zanga-zangar, a shari'ar wani yaro ɗan shekara 14 da aka harbe a Yuli 2018. Hukuncinsa wata guda ne na aikin bauta a barikin soja, da rage masa muƙami.